Ƙaurin da Ya Makara: Cimar Mai Ciki a Ƙasar Burumburum

Duk wanda ya bi titin da ya tashi daga Kwanar Ɗangora ya nufi Tudun Wada da Doguwa a watan Nuwamba zai yi ta cin karo da motoci maƙare da buhuna: masara, dawa, shinkafa shanshera, waken suya, gyaɗa. Kudancin Kano ya fi arewacinta samun ruwan sama, ƙasarsa tana karɓar kusan duk abin da aka shuka, ga madatsar ruwan Tiga a Bebeji da aka kammala a 1974 tana ba da kifi da ruwan noman rani. Burumburum, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Tudun Wada, tana tsakiyar wannan albarka tare da maƙwabtanta irin su Yaryasa da Nata'ala da Dalawa. Amma a wannan ƙasa ce ma'aikaciyar lafiya za ta ja fatar idon mace mai cikin wata bakwai ta tarar da ita fari fat, ta duba tafin hannunta ta ga babu alamar jini. Abincin da jikin matar yake nema an noma shi a gonar mijinta, an kuma auna shi an kai kasuwa.

Alƙaluman ƙasa sun nuna girman abin. Binciken lafiya da yawan jama'a na Nijeriya na 2018 ya samu kashi 61 cikin 100 na mata masu juna biyu da ƙarancin jini, kuma kashi 31 ne kacal suka sha ƙwayar ƙarin jini ta kwana 90 ko fiye. A Arewa maso Yamma kashi 57 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kimanin 82,000 suka rasu a Nijeriya sanadiyyar ciki da haihuwa, fiye da rubu'in duk irin wannan mutuwa a duniya. Ba abinci ne kaɗai sanadi ba, kowa ya san da nisan asibiti da jinkirin yanke shawara. Sai dai rashin cima mai kyau yana shiga cikin kusan kowane sanadi ya ƙara masa ƙarfi.

Ga yadda abin yake aiki. Idan mace ta ɗauki ciki, jinin jikinta yana ƙaruwa da kusan rabi, domin ya ciyar da mahaifa da mabiyiya da abin da ke cikinta. Jini ba ya ƙeruwa sai da sinadarin ayon, kuma ɗan tayi ba ya jiran izini, yana jan rabonsa daga jikin uwa ko tana da shi ko ba ta da shi. Da zarar ma'aunin jininta ya faɗi ƙasa da 11, likitoci suna lissafa ta cikin masu ƙarancin jini. Daga nan sai jiri, da haki idan ta ɗebo ruwa, da faɗuwar gaba, da kwaɗayin farar ƙasa ko ƙanƙara wanda mutane suke ɗauka rigimar ciki ce alhali sau da yawa jiki ne yake kukan rashin ayon. Mace mai cikakken jini tana iya zubar da wani abu a wurin haihuwa ta tashi ta ci gaba da harkarta. Wadda ta shiga naƙuda jininta a ƙasa, zubar da wannan adadin zai iya zama ajalinta kafin a samo motar da za ta kai ta babban asibitin Tudun Wada, balle Kano. Shi kuma jariri yakan zo bakwaini, ko ya zo nauyinsa bai kai kilo biyu da rabi ba, kuma irin waɗannan ne sanyi da ƙananan cututtuka suka fi kwashewa a watan farko.

To me take ci? Da safe koko, idan an samu da ƙosai ko ɗumame. Da rana abin da ya sawwaƙa: dafaffen rogo, ko taliya da manja da yaji, ko garin kwaki. Da dare tuwon masara da miyar kuka ko kuɓewa. Ba za ta ce maka tana jin yunwa ba, domin ciki ya cika. Amma masarar an surfe ta an wanke ta har ta yi fari sol, dusar da ke ɗauke da yawancin amfaninta ta tafi wurin awaki, miyar kuma daddawa ce da gishiri da ɗanɗano. Wannan cima kamar ginin ƙasa ce da aka kwaɓa ba ramno: bango zai tashi, amma ruwan farko zai nuna lagonsa. Abin da mai ciki take buƙata ba ninka malmala ba ne. A wata ukun farko kusan ba ta buƙatar ƙarin yawa, daga baya ma ƙarin bai wuce kwano guda na abinci mai kyau a rana ba. Abin da ya ɓace shi ne iri-iri: wake, ganye, wani abu daga jikin dabba, da ɗan itace.

Akwai kuma maganar lokaci, wadda masu koyarwa ba su cika tsayawa a kanta ba. Cikin da ya tsufa a Disamba ba ɗaya yake da wanda ya tsufa a Agusta ba. Daga Yuli zuwa farkon Satumba rumbu ya yi ƙasa, kuɗin gida sun tafi wurin taki da 'yan ƙwadago, hatsi ya yi tsada, sauro ya yi yawa, kuma a gidajen da mata suke fita gona aiki ya kai maƙura. A ƙasar Gambiya, a yankin Keneba, masu bincike sun daɗe suna auna mata suna ganin nauyin jarirai yana faɗuwa a irin wannan lokaci. Sai suka gwada wani abu mai sauƙi a ƙauyuka 28: biskit na gyaɗa da garin shinkafa da sukari da man gyaɗa, ana bai wa masu ciki kullum daga tsakiyar cikin har haihuwa. Sakamakon da aka buga a 1997 ya nuna jariran da aka haifa a lokacin yunwa sun ƙaru da giram 201 a matsakaici, kuma haihuwar gawa ta ragu da kusan rabi. Babu abu ɗaya cikin kayan wannan biskit da ba a samu a Tudun Wada.

Wannan bincike ya amsa wani tsoro da ya kamata a girmama, ba a yi masa dariya ba. Tsofaffin mata da yawa suna hana mai ciki cin abinci mai maiƙo don kada ɗan ya yi ƙato ya ƙi fita. Suna hana ta rake da zuma da sukari saboda zaƙi, wanda aka yi imani yana taruwa ya tsare hanyar haihuwa, har a jiƙa mata saiwoyi masu ɗaci ta yi ta sha. Waɗannan mata ba daga iska suka ɗauko tsoron ba. Sun ga yarinya ta kwana uku tana naƙuda, sun ga yoyon fitsari, sun wanke gawa. Amma a Gambiya kan jariran matan da aka ciyar ya ƙaru ne da kimanin milimita uku kawai, wanda bai isa ya hana haihuwa ba. Abin da yake tsare naƙuda galibi ƙugun uwa ne da bai gama buɗewa ba, ko dai don ƙuruciya ko don ta tsumbure tun tana ƙarama. A nan kusa da mu, a Zariya, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi haihuwa 22,774 tsakanin 1976 da 1979. A cikin ayyukan da suka buga a 1985 sun nuna cewa 'yan mata masu cikin fari da aka ba su ƙwayar ayon da folik asid da maganin zazzaɓin cizon sauro sun ci gaba da ƙara tsawo suna ɗauke da cikin. Wato ciyar da yarinya yana taimaka wa jikinta ya ƙarasa girma. Hana ta ci ba ya rage kan jariri da wani abin kirki, ƙarfin nishi kawai yake rage mata. Saiwoyin ɗaci kuwa babu wanda ya san adadin abin da ke cikinsu, kuma wasu suna tayar da naƙuda da ƙarfin da mahaifa ba za ta iya ɗauka ba.

Idan aka zo ga abin da za a ci, ni ina ganin kuskure ne a fara da abin da babu. Hoton tufa da inabi da madarar gwangwani a bangon asibiti ba abin da yake koya wa matar Burumburum sai cewa lafiya ta masu kuɗi ce. A fara da tsakar gidanta. Zogale yana jikin danga, kwaɗonsa da ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa abinci ne cikakke, haka dambunsa. Rama, yakuwa, lalo, alayyafo, tafasa, ganyen wake, duk suna fitowa daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuma ana shanya su a inuwa a ajiye don rani. Waken suya da ake aunawa a kai wa kamfanonin mai da abincin kaji shi ne awara, kuma ana soya shi sama-sama a niƙa tare da gero ko dawa da gyaɗa a riƙa dama kunu. Ɗanwake, alala, fate da wake, kunun gyaɗa, miyar taushe da kabewa, riɗi, fura da nonon da aka tafasa kafin a kwantar: babu baƙo a cikinsu. Ƙananan busassun kifi da ake dakawa a zuba a miya har da ƙayarsu suna ba da ayon da kalsiyam fiye da yadda kuɗinsu yake nunawa. Ƙwai guda a rana, inda akwai kaji ko zabi, yana cikin mafi arhar abin da zai gina jikin uwa da ɗa, kuma zancen cewa yana sa yaro sata ba shi da tushe. Hanta ɗan yanki sau ɗaya a mako ya isa, ba a so a yawaita ta musamman a farkon ciki.

Yadda ake ci ma yana da nasa tasiri. Ayon ɗin da ke cikin hatsi da ganye jiki ba ya tsotsarsa da sauƙi sai ya haɗu da abu mai bitamin C, don haka gwaiba ko lemo ko mangwaro ko ɗanyen tumatir ko garin 'ya'yan kuka, a ci tare da abinci, ba bayan awa uku ba. Shayi yana yin akasin haka, yana kama ayon ya hana shi shiga jini, saboda haka a raba shi da lokacin cin abinci da lokacin shan ƙwaya. Jiƙa hatsi ya kwana, da barin gasara ta yi tsami, suna sakin amfanin da ke ɗaure a cikinsa, kuma wannan dabara ce da iyayenmu mata suke yi tun kafin a san sunanta a makaranta. Ganye kada a dafa shi ya yi luguf a zubar da ruwan. Kanwa a rage ta. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a zubar, kada a ce a bar wa gida a sayar da mai kyau. Gishiri a sayi mai aidin, wanda doka ta wajabta a Nijeriya tun 1993, domin ƙwaƙwalwar ɗan tayi tana buƙatarsa.

Duk da haka abinci shi kaɗai ba ya cike gurbin ayon a jikin matar da ta shiga ciki da rashi. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2016, ta ce kowace mai ciki ta sha miligiram 30 zuwa 60 na ayon tare da folik asid kullum, ta kuma ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas. Yanzu an fara shigo da wata ƙwaya mai ɗauke da sinadarai 15 a haɗe, wadda hukumar ta sa cikin jerin muhimman magunguna a 2021. Ga Fansidar da ake sha daga wata na huɗu, aƙalla sau uku da tazarar wata guda, ga gidan sauro, ga maganin tsutsar ciki bayan wata ukun farko, domin zazzaɓi da tsutsa suna shanye jinin da abinci ya tara. Mata da yawa suna karɓar jar ƙwayar su sha kwana biyar su tura sauran ƙarƙashin katifa, saboda tana tayar musu da zuciya, tana sa bayan gida ya yi baƙi ko ya yi tauri. Da an gaya musu tun farko cewa baƙin ba cuta ba ne, cewa a sha ta da dare bayan an ci abinci, a yawaita ruwa, da yawa ba za su ajiye ta ba. Wannan bayani na minti biyu ne, amma ma'aikaciya ɗaya mai layin mata sittin ba ta da minti biyun.

Ga kuma kunya. Mai cikin fari ba ta faɗa, ba ta so a gane, sai ciki ya fito fili a wata na biyar ko na shida kafin a yi zancen awo. Alhali folik asid ya fi amfani a makonnin farko, lokacin da lakar bayan jariri da ƙwaƙwalwarsa suke haɗuwa. Kunya ado ce, ba na neman a yar da ita. Amma ana iya yi mata hanya: uwar miji ko yayar miji da ta lura da laulayi ta ja yarinya gefe ta raka ta asibiti ba tare da an yi shela ba.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake ganin shi ne gindin matsalar. Kusan duk koyarwar da ake yi a kan cimar mai ciki ana yi wa mai cikin ne, a ranar awo, tana zaune a kan benci cikin 'yan'uwanta. Za ta saurara, za ta amsa da to Malama, ta koma gida. A gidan ba ita take buɗe rumbu ba, ba ita take zuwa kasuwa ba, ba ita take yanke shawarar ko za a sayar da buhun wake ko za a bar shi ba. Idan an yi miya da nama, tsokar kirki tana kwanon maigida, ita takan ci a ƙarshe bayan ta sallami yara, wani lokaci ƙanzo ne rabonta. Idan ta ce, "Malam, an ce a riƙa sayo min ƙwai," yana iya ɗauka kwaɗayi ne. Idan Inna, uwar mijin, ta ce, "Mu da muka haifi goma wa ya ba mu ƙwai?" magana ta ƙare. An bai wa wadda ba ta da iko ilimi, an bar masu iko ba a gaya musu komai ba.

Maƙwabtanmu na Nijar sun gane haka. A jihar Damagaram, tun wajen 2008, aka kafa makarantun mazaje da tallafin Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya, inda magidanta masu mutunci a gari suke zama su tattauna lafiyar matansu, su kuma ja hankalin sauran maza. Ba sai an kwafo sunan ba. Muna da majalisar bayan la'asar, da huɗubar Juma'a, da dagatai da masu unguwanni, da ƙungiyoyin manoma da suke haɗuwa saboda taki. Malamai kuma suna da abin faɗa. Aya ta 6 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta wajabta wa miji ciyar da mai ciki har ta haihu ko da ya sake ta, to ina ga wadda take ɗakinta? Risala, da ake karantawa a kowane zaure, ta bai wa mai cikin da take tsoron abin da ke cikinta damar ajiye azumi ta rama daga baya, amma har yanzu za ka ga mai cikin wata takwas tana azumi a zafin bazara don kada a ce ta cika raki. Su ma tsofaffi da ungozomomi a zauna da su a matsayin abokan aiki, ba a matsayin masu laifi ba. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma maganar da Inna ta yarda da ita ita ce take shiga tukunya.

Wani abu da yake ci mini rai shi ne, mu ba mutane ne masu rowa ga mai haihuwa ba. Ranar da ta sauka, mijin da bai taɓa sayo mata kifin naira ɗari biyu ba zai ciwo bashi ya sayo kan sa da ƙafafu a yi ƙauri. Za a daka yaji, a dama kunun kanwa, a tara itacen wankan jego, ranar suna a yanka rago, a ɗinka atamfa. Duk wannan karamci yana zuwa ne bayan an gama ginin jikin jariri, bayan uwa ta riga ta tsallake ko ta kasa tsallake haɗarin zubar jini. Ba na cewa a daina ƙauri, mai jego tana buƙatar nama don ta mayar da jini ta samu ruwan nono. Ina cewa a raba shi. Rabin kuɗin da ake kashewa a mako guda, idan aka shimfiɗa shi a wata biyar na ƙarshe, zai sayi ƙwai da kifi da wake da ɗan itace na kullum. Manomin da ya san matarsa za ta haihu a damina yana iya ware tiya goma ta wake da ta waken suya da ta gyaɗa tun a kaka, ya ce wannan ba na sayarwa ba ne.

Kunun kanwa kansa yana son a yi hattara da shi. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka alaƙanta shi da gishirin kanwa da zafin wanka da kwanciya a gadon wuta. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye ya jagoranta daga Kano ya karkata hankali zuwa ga rama da talauci da hawan jini na ciki da ƙarancin sinadarin seleniyam. Ko ta wace fuska aka duba, matar da ƙafafunta suka kumbura, ko take haki idan ta kwanta, ba kanwa za a ƙara mata ba. Haka mai ciki da fuskarta ta kumbura, kanta yake sarawa, idonta yake ganin dishi-dishi: wannan ba alamar tagwaye ba ce ko ɗa namiji, yana iya zama mafarin jijjiga, kuma babu abincin da zai tsayar da shi, sai asibiti a ranar.

Akwai gidajen da duk wannan shawara ba za ta isa ba, kuma rashin adalci ne a yi kamar babu su. Matar ɗan ƙwadago da ba shi da gona, bazawarar da aka saka da ciki, matar da mijinta ya tafi cirani kudu ya bar mata kwano biyar na masara. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, kuma abin da talaka ya fara cirewa daga tukunya shi ne nama da kifi da mai, ya bar tsaba. Irin waɗannan mata ba lacca suke buƙata ba, abinci suke buƙata a hannu. Ƙa'idojin 2016 ɗin nan sun faɗi haka ƙarara: inda rama ta yi yawa, a bai wa masu ciki ƙarin abinci mai ba da ƙarfi da gina jiki. Kano tana da shirin kula da masu ciki kyauta tun farkon shekarun 2000, ta kuma kasance cikin jihohi 12 da suka shiga shirin inganta abinci mai gina jiki na Bankin Duniya da aka amince da shi a 2018. Ma'aunin irin waɗannan shirye-shirye shi ne ko ƙwayar tana kan kanta a ƙaramin asibitin ƙauye a watan Agusta, ko akwai na'urar gwada jini da ma'aunin nauyi mai aiki, ko akwai ma'aikaciya ta biyu. Zakkar hatsi da ake fitarwa a wannan yanki ba kaɗan ba ce, kuma babu abin da ya hana kwamitin masallaci ya sa matalauta masu ciki a sahun farko.

Sannan a tuna cewa jikin da zai ɗauki ciki ana gina shi ne tun kafin aure. Yarinya 'yar shekara goma sha uku da take yawo da farantin awara a ka, tana sayar wa wasu abin da ita ba ta ci, ta fara al'ada tana rasa jini kowane wata, ita ce mai cikin fari ta bayan shekara uku ko huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bai wa irin waɗannan 'yan mata ƙwayar ayon da folik asid sau ɗaya a mako a wuraren da ƙarancin jini ya yi yawa, kuma makarantun Islamiyya, inda kusan kowace yarinya a Burumburum take zuwa, sun fi kowane asibiti kusa da su. Haka uwar da ta yi kwanika, ciki ya shiga tana goyon ɗan wata takwas, tana ciyar da mutum uku da jikin da bai farfaɗo ba. Ita ya kamata a fara nema a gida, kada a jira sai ta zo awo.